Littafin Hotuna na Madam Rifkatu

Ranakun aiki da yawa sun shige mini kamar ba a yi su ba, amma akwai wata Alhamis cikin azumi da har gobe ba zan manta da ita ba. Ku da kuka shigo aikin ɗakin karatu kwanan nan kuna yi mini dariya idan kuka ga ina juya sabon littafi gaba da baya kafin in buga masa hatimi, kamar mai sayen atamfa a kasuwa. Ku yi dariyarku, ni na san abin da na gani.

Lokacin da aka raba Gongola aka fitar da Taraba a 1991, an raba ma'aikata ne bisa asalin uba. Ni a Jimeta aka haife ni, can na yi makaranta, can na yi aure, amma takarduna sun ce mahaifina mutumin Sunkani ne, saboda haka aka ce in tattara in koma gida. Gidan da ban taɓa kwana a cikinsa ba. Maigidana yana da shago a Jimeta, yara suna makaranta, ba yadda za a yi a tashe su. Na zo Jalingo ni kaɗai, na kama ɗaki a Turaki a gidan wata tsohuwa wadda Fillanci kawai take so a yi mata, shi ma ba da yawa ba. Sai ƙarshen wata nake zuwa ganin yara. Sauran kwanakin kuwa, in na tashi daga aiki, daga ni sai risho sai rediyo. Kaɗaici ya ci ni a shekarun nan, ba zan ɓoye muku ba. Har girki na rage, don abincin mutum ɗaya ba ya da daɗin dafawa.

Ɗakin karatun ba irin ginin da kuke zaune a ciki yanzu ba ne. Gidan haya ne, falo da ɗakuna biyu, aka fasa bango aka jera kantoci. Shugabanmu Mista Ishaku, shi ne babban jami'in ɗakin karatu, mutum mai tsari da tsoron doka, wanda rabin yininsa a sakateriya yake ƙarewa wajen roƙon a ba mu kujeru. Ni ce mataimakiyarsa, ni ce kuma a kan teburin karɓar jama'a. Ga yadda ake yi a lokacin: duk littafin da ya shigo sai a ba shi lamba, a buga masa hatimi a shafin farko, a manna aljihun katin aro a cikin bangon baya, sannan ya hau kanta. In ya zo ba bango, ni ke yanka kwali in ɗinka masa sabo da zare da gam. Masu zuwa kuwa ɗalibai ne masu shirin jarrabawa, da wasu dattawa da ke zuwa da safe don jarida. Daga hantsi zuwa azahar ba ka jin komai sai ƙarar fanka, in an kawo wuta.

A ƙarƙashin teburina ina da kwalina na kaina, cike da littattafan soyayya na Hausa irin waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa daga Kano. Ba na gwamnati ba ne, ba su da lamba. Mista Ishaku ya ce muddin yana kan kujerarsa ba za su hau kanta ba, amma da yake ya san halin da nake ciki sai ya kawar da kai. Da su nake kashe lokaci, na ɗaya, na biyu, in zauna jiran na uku wata da watanni.

A haka Madam Rifkatu ta same ni. Mumuye ce, doguwa, mai ƙarancin magana da farko, tana zaune a Nukkai a gidan yayanta tana ɗinki. Kullum bayan dattawa sun watse sai ta shigo, ta ɗauki jaridu, ta bi su shafi-shafi da yatsa, ta ninke, ta fita. Sai da muka saba da gaisuwa ta gaya mini abin da take nema. Mijinta kofur ne a soja, an tura su Laberiya. Da farko ana samun labarinsa, daga baya shiru. Ta je bariki ta tambaya har ta gaji. Ba a sa shi cikin matattu ba, ba a kuma ce yana cikin masu dawowa ba. Ta ce matan coci suna zuwa mata addu'a, amma sai su zauna suna kallon juna, don ba su san ko ta'aziyya za su yi mata ba ko kuwa su ce ta ƙara haƙuri. Jaridun da take dubawa ma sai sun kwana uku a hanya suke iso mu.

Wata rana ta tarar da ni ina dariya ni kaɗai da littafi a hannu, ta tambaye ni abin da ke ciki. Na miƙa mata. Ta iya karatun Hausa, don da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, sai dai a hankali take yi, leɓɓanta suna motsi. Tun daga ranar, in ta gama da jarida sai ta jawo kujera kusa da teburina ta ɗauki ɗaya daga kwalin.

Na ga masu karatu iri-iri, amma ban taɓa ganin mai yanke wa littafi hukunci kamar Madam Rifkatu ba. Ba ta raga wa ko ɗaya. Wannan ta ce kowa a cikinsa yana da mota, ko mai gadi in aka bincika ɗan attajiri ne da ya ɓata. Wancan ta ce yarinyar ta yi kuka shafi goma ba ta tashi ta ɗebo ruwa ba, wa ke yi mata aikin gida? Wani kuma ta ce saurayin surutunsa ya yi yawa, namijin da ya iya jera magana haka ba ya iya jera kunyar doya. Ni in kare su, in ce ai labari ne, ita ta ce labari ma a sa masa gishiri daidai. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne ƙarshe. Duk wanda ya tafi sai ya dawo, a shafin ƙarshe, da mota da tsaraba.

"Malama," ta ce mini wata rana, "waɗannan mutanen Kano, su ba a taɓa ɓace musu da mutum ba ne?"

Duk da haka ba ta fasa karantawa ba, ni ma ban fasa musu da ita ba. A duk faɗin Jalingo ita kaɗai ce nake hira da ita hirar da ta wuce ina kwana. In ta makara sai in ga ina ta leƙen ƙofa. Wani lokaci ta riƙo mini doya daga gonar yayanta, ni kuma in ajiye mata dakuwa.

Ana nan sai ma'aikatarmu ta aiko mana da kwalayen tsofaffin littattafai, kyauta daga ƙasashen waje. Yawanci ba su da amfani a gare mu, har da na koyon noma a ƙasar ƙanƙara. A ƙasan wani kwali na tsinci wani ɗan guntun littafi mai kauri, bangonsa duka biyu sun cire. Ciki zane ne zalla, baƙi da fari, an yanka kowane shafi gida-gida, mutanen ciki da manyan idanu, rubutun kuma kamar sawun kaza. Mista Ishaku ya duba ya ce na Japan ne, a ba shi lamba a sa a ɓangaren yara. Jikokina yanzu manga suke ce wa irinsa, a waya suke kallonsa, amma a lokacin ko sunan ba mu taɓa ji ba. Na yi masa bango, na buɗe shi ta hagu kamar kowane littafin boko, na buga hatimi a shafin da ya fara zuwa hannuna, na manna aljihu a ɗaya gefen. Aiki ya yi kyau, har na yaba wa kaina.

Bai kai ga kantar yara ba, don Madam Rifkatu ta gan shi a kan teburina yana shan iska gam ya bushe. Ta buɗe daga inda hatimi yake. Ranar ko kallon kwalina ba ta yi ba.

Ga abin da ta gani, yadda ta ba ni labarinsa, tunda ba mai iya karanta rubutun. A farko mace da namiji ne a tashar jirgin ƙasa, sun riƙe juna, ta cusa fuskarta a ƙirjinsa. Ta ce sallama ce, tafiya zai yi. Daga nan sai matar ita kaɗai a bakin taga, shafi bayan shafi, kusan rabin littafin, da kofin shayi a gabanta, wani lokaci ruwa na sauka, wani lokaci rana, ita dai tana kallon hanya. Bayan haka sai ga su kuma su biyu a ƙarƙashin laima ɗaya. Gaba kaɗan suna cin abinci amma da tazara a tsakaninsu, kowa kansa a ƙasa. Gaba kuma sun yi kiciɓis a titi, kallo ɗaya suka yi wa juna kamar ba su san juna ba. Na ce mata to ai nan labarin ya rikice, yaya wanda ya tafi zai sake bayyana? Ta ce bai rikice ba, tunani ne matar take yi, kuma haka tunani yake, kullum mutumin ƙara nisa yake yi. Ta ce ita ma yanzu sai ta rufe ido ta yi da gaske kafin fuskar kofur ta zo mata daidai. Shafin ƙarshe kuwa matar ce ita kaɗai da jaka a hannu a tsakiyar taron mutane, ba wanda ya kula da ita.

"Wannan kaɗai ne bai yi mini ƙarya ba," in ji ta. "Wanda ya zana shi, an taɓa barin shi."

Na ce ta ara ta tafi da shi gida, ta ƙi. Ta ce gidan yayanta yara sun yi yawa, kuma ta fi son ta duba shi a nan kusa da ni. Haka muka yi watanni. Jarida, sannan littafin Japan, sannan hira. Har ta san adadin furannin da ke labulen tagar matar. Ni ma na fara ganin kaina a bakin tagar nan, ko da yake nawa mijin na san inda yake, tafiyar yini ɗaya ce a mota.

Azumi ya zo cikin zafi, ɗakin karatu ya zama kamar an share. Nakan zo da Alƙur'anina in yi tilawa a kan tebur. Ranar Laraba na idar da karatu na ajiye, na miƙa hannu na ɗauki littafin hotunan don in mayar da shi wurinsa, sai hannuna ya buɗe shi ta dama, yadda ya saba tun safe. Na ga matar da jaka cikin taro. Na juya shafi, na ga ta shiga ɗan ɗaki tana kwance kaya. Na sake juyawa, ga ta a titi sun yi kiciɓis da mutumin. Akwai wani wuri da ya daɗe yana damuna, inda kofi yake a fashe a ƙasa sannan a gaba a gan shi lafiya a hannunta. Ta wannan gefen sai ga shi a hannu tukuna, sannan ya faɗi ya fashe. Na sa ido sosai, na gano 'yan ƙananan lambobi jefi-jefi a gindin wasu shafuka, waɗanda ɗinkina ya kusa cinyewa. Daga dama suke hawa. Ashe su ma kamar Larabci suke buɗe littafi. Ashe baƙuwa ce ta zo birni ba ta san kowa ba, ta haɗu da mutum, suka saba, ya yi tafiya, ta jira, ta jira, kuma tashar jirgin nan ba rakiya ta je ba. Tarya ta je yi.

Doka ce in an sami kuskure a shigar da littafi a sanar da shugaba. Da Mista Ishaku ya dawo daga sakateriya na nuna masa. Ya yi dariya, ya ce ni da shi duk mun sha boko ya rufe mana ido, sannan ya ce in soke tsohon hatimi in buga sabo, in mayar da aljihu, in kuma manna 'yar takarda mai cewa a fara daga nan. Na ce masa ranka ya daɗe, mai karanta littafin nan mutum ɗaya ce a duk garin, kuma yadda yake ɗin nan take son sa.

"Na sani, Hajiya," ya ce. "Amma ba za mu ajiye littafi a kife muna sane ba. Gobe wani ne zai ɗauka."

Gaskiyarsa ce, ban kuma ja ba. Na yi gyaran kafin a tashi. Amma ranar ko kunun buɗa-baki bai shiga cikina da daɗi ba. Tsorona ɗaya ne: littafin da ta ce shi kaɗai ne bai yi mata ƙarya ba ya koma irin na Kano, wanda ya tafi ya dawo a shafin ƙarshe, ta ga ba sauran abin da zai zaunar da ita a kujerar nan. Na yi tunanin in ɓoye shi in ce wani ya ara. Sai na ga da azumi a bakina ba zan shirga ƙarya ba, kuma ita ba yarinya ba ce da za a ɓoye wa abu. Wata zuciyar ma cewa take, wa ya sani, ƙila ta ɗauke shi a matsayin albishir.

Ranar Alhamis ta zo a lokacinta. Ta yi mini sannu da ƙishirwa, ta duba jaridu, ba komai, ta ninke. Ta jawo kujera ta ɗauki littafin, sai ta ga takardar. Ta tambaya wa ya manna abu a bayan littafinta. Na gaya mata komai, na nuna mata lambobin, na nuna mata kofin. Ta juya littafin ta fara daga dama, hannunta yana ta kuskurewa yana son komawa yadda ya saba. Ni kuwa na ɗauki wasu katuna ina jerawa, waɗanda tun jiya a jere suke.

Ta daɗe. Da ta kai tashar jirgi ta tsaya a kan hoton nan har na ɗauka ta manta da ni.

"Ashe dawowa ya yi," ta ce, a hankali.

Na ce haka masu littafin suka nufa. Ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi tsakin da take yi wa littattafan Kano ba; da ta yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Sai ta sa babban yatsa ta raba littafin biyu daidai tsakiya, inda matar ke bakin taga, ta shimfiɗa shi a kan teburina ta danne da tafin hannu.

"Malama, ko ta nan na zo, ko ta can na zo, wannan matar tana nan zaune tana kallon hanya. Ita dai an riga an zana mata gaba. Ni nawa ba a zana ba."

Ta tashi ta gyara ɗankwali, ta ce in sha ruwa lafiya, ta fita. Na bar littafin a buɗe yadda ta bar shi har lokacin tashi, don na kasa rufewa.

Ba ta ɗauke ƙafa nan take ba. Ta ci gaba da zuwa, amma jarida kawai. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi yara, ta duba abin da za ta duba a tsaye, ta tafi. Na sayo sababbin littattafai har uku na ɗora a kan tebur inda za ta gani, ko za ta tanka ta zage su mu yi musu, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ba fushi take yi da ni ba, na san fushi in na gan shi. Kujerar ce dai ba ta ƙara jawowa ba.

Da ruwa ya sauka sai ta daina zuwa gaba ɗaya. Na ba ta mako biyu, sannan wata Asabar na hau mashin zuwa Nukkai, ina tambaya gida-gida har aka nuna mini na yayanta. Ba kowa sai wata maƙwabciya tana shanya. Ta ce Rifkatu ta tattara keken ɗinkinta ta koma ƙauye wajen Zing, bayan wani soja ya zo da saƙo daga bariki. Na tambaye ta wane irin saƙo. Ta ce ita dai ta ga ya shiga ya fito, ba ta ji kuka ba, ba ta kuma ji guɗa ba.

Na yi shekaru a kan teburin nan bayan haka kafin iyalina su dawo Jalingo, kuma ban sake samun mai yi mini musu a kan littafi ba. In da za a maimaita, zan sake yin gyaran, domin aikinmu ke nan, ba a barin littafi a kife. Abin da na koya shi ne, wanda ke zuwa muku kullum a lokacin da ba kowa, ba lallai littafi kaɗai ya kawo shi ba, kuma abin da ya tsinta a ciki ba lallai shi ne wanda marubucin ya ajiye ba. Ku san shi, ku san inda yake kwana, ku tambayi sunan ƙauyensu tun yana zuwa. Ni ban tambaya ba, don na ɗauka kullum za ta shigo bayan dattawa sun watse. Ƙauyukan Zing kuwa suna da yawa, Rifkatu ma suna da yawa. Na yi cigiya wajen masu kawo doya har na haƙura, kuma har yau ban san abin da sojan nan ya gaya mata ba.